Gilashin Ɗanliti

Ranar Laraba ɗan aike ya tsaya a Dilimi,
ruwa na zuba, kwalin ya jiƙe ta gefe ɗaya.
Na sa hannu, na yage.
Gilashi ne, tsawon tafin hannuna,
da tambarin kamfanin da manhajarsa ta ci min shekara tara,
da sunana, sun mance ƙugiyar harafin farko.
Gwanin taimakon jama'a, in ji rubutun.

Inna ta juya shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa
kamar mai sayen tukunya.
"Nawa suka haɗo da shi?"
Na ce ko sisi.
Ta ce, "To, su ma sun iya ciniki."

Ban yi musu ba.
Ni dai na san abin da ke ciki.

Akwai daren da Chundung ta kira daga Bukuru,
ƙarfe ɗaya saura, muryarta na rawa, ba don sanyi ba:
sunayen masu awon ciki ɗari uku sun ɓace daga na'ura.
Muka bi sawunsu layi-layi ta waya,
katina ya ƙare, na tashi maƙwabci na ari tasa.
Sai da ladan ya yi gyaran murya
suka dawo, har da mai haihuwa jibi.

Akwai Rabilu na Farin Gada,
mai lissafin buhunan dankali,
tambaya ɗaya sau huɗu.
A ta huɗun harshena ya fara zafi,
sai na tuna Oga Davou
da shagonsa na bayan Taminus,
inda na ƙona masa kwamfuta biyu
bai taɓa min kuɗin abinci ba.
"Sake," ya ce. Iyakar faɗansa ke nan.
Na ce wa Rabilu, "Sake."
Yau shi ke koya wa 'yan layinsu.

Akwai waɗanda ban san fuskarsu ba,
wani a Mangu, wata a Langtang.
Matsala na warwarewa suka baje
kamar tururin shayi, ko na gode babu.
Ban riƙe su ba.
Rijiya ba ta bin mai guga gida.

Kamfanin ya ce ya ƙirga.
Ban san da wane mudu ba.
Amsoshi ya gani.
Bai ga janareta ya shaƙe ana tsakiyar bayani ba,
bai ga gwaten da ya huce a kwano ba.

Na kai wa Oga Davou gilashin.
Idonsa ya yi rauni yanzu,
da yatsa ya bi haruffan, ya jinjina shi,
ya ce, "Da nauyi. Zai danne rasit."

Ga shi nan kuwa kan teburina,
iskar Jos ta daina kwashe min takardu.

Waya na ƙara. Baƙuwar lamba.
"Don Allah kai ne Ɗanliti? An ce in…"
Ni ne.
Ja kujera ka zauna tukuna.
Me allon ya rubuta maka?
Karanto min a hankali.