Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Shekara uku ke nan da na ajiye allura.
Farar rigar tana ƙasan akwati,
ƙarƙashin zanen da na ɗaura ranar sunan Ma'u.
Har yau aljihunta na warin asibiti.

Yanzu biro gare ni, a bene, can Zariya,
da fanka mai tari in wuta ta dawo,
da waya biyu, ta kamfani da tawa,
kuma majinyata sun haddace lambar duka biyun.
Dosiye ɗari biyu da sha ɗaya ke wuyana.
Da na zo, sittin ne.
Saude ta tafi haihuwa, aka ce in riƙe nata.
Tsayabu ya samu aiki Yamai, aka ce in riƙe nasa.
Riƙo dai, riƙo dai,
kamar akuyar ajiya da ba ta fashin tagwaye.

A nan, hatimi sunansa kashe.
Na daɗe kunnena bai saba ba.
"Kin sa kashe?" in ji shugaba, idonsa kan agogo.
Na sa, ranka ya daɗe.
Yau na sa talatin da huɗu.

Lamba arba'in da bakwai, Malam Gonda,
tsohon direban tirela, ciwon suga, ƙafar hagu.
Inshora za ta biya tamanin cikin ɗari,
amma ba wannan maganin ba, wancan,
wanda babu shi a farmasi ukun da na kira.
Ban taɓa ganin ƙafar ba.
Ɗansa ya turo hoto,
na buɗa shi da yatsa biyu,
hancina na neman warin da zai faɗa mini gaskiya.
Gilashi ba ya wari.

Kada wani ya ce ina kewar ɗakin yara.
Na san watan Agusta a can:
uku a gado, masassara ta cika har baranda,
ni da fitilar waya a baki
ina lalubar jijiya a kan jariri.
Kwana goma sha ɗaya ina gardi a jere,
na dawo gida, Ma'u ta ɓuya bayan ƙanwata.
Ranar na rubuta takardar neman wannan kujera.

To ga shi kuma hanya ta rabu uku.
Wata ƙungiya a Madarunfa na son ma'aikaciyar jinya,
kuɗi mai kauri, wata shida, daga nan sai Allah.
Majo Kuluwa ta aiko: gurbinki na nan, hannunki muke so.
Inna ta ce, tana gyaran zogale ba ta ko ɗago kai ba:
"Inuwa, kujera, albashi ran ashirin da takwas.
Ke wai me aka ɗauke miki?"
Na buɗe baki in ba ta amsa,
wayar kamfani ta riga ni.

Ƙarfe shida na rufe biro.
Ɗan kabu-kabu ya san gidana, ya kama hanya.
Wajen masu ƙuli-ƙuli na taɓa kafaɗarsa:
juya, Bagalam za mu.

Babu wannan a cikin aikina.
Malam Gonda na kan tabarma, ya rufe ƙafar da rawani
saboda ƙuda, saboda kunya.
Na durƙusa. Na yaye.
Tun kafin idona ya kai, hancina ya gama karatu.
Na ce a kawo ruwan zafi da gishiri,
na ce gobe da asuba asibiti, ba jibi ba,
takarda ta biyo baya, ni zan kora ta.
Hannuna bai yi rawa ba,
shi bai san an canza masa aiki ba.

"Ke ce ta waya?" in ji shi.
Ni ce.
"Na zaci kin fi haka tsufa."

Da safe na tarar da sabon dosiye kan tebur.
Ɗari biyu da sha biyu.
Takardar Madarunfa tana cikin jaka, ban sa hannu ba,
ban kuma yaga ba.
Na jiƙa kashen da tawada.