Yatsan Gwadabe

A kasuwar Umdurman, layin masu tsoffin kaya,
bayan rumfar mai butocin tagulla,
Fadlalla ya buɗe min akwatin kwano,
ya ce, "Duba, Batakari, amma goge guminka tukuna."

Su goma sha ɗaya ne, a takarda mai kauri,
fentin ruwa, ya koɗe kamar shuni a wanki na bakwai.
Ga Bimbashi da jar dara, gashin baki kamar ƙahon rago.
Ga Yuzbashi, idonsa kalar toka.
Kowa da sunansa a ƙasa.
Ban karanta ba. Ni hannu nake nema.

Kakana Gwadabe ya baro Kazaure da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare a Hartum,
shekara tara bai ga teku ba.
Wani Bagirke mai zane ya ɗauke shi ɗiban ruwa.

Hafsoshi ba su da haƙurin zama.
Sai su ba da fuska, rabin awa,
su rataye kaki a kujera, su tafi wasan doki.
Sai a ce, "Gwadabe, sa."
Ya zauna cikin rigar wani, anini na ƙyalli,
tun hantsi har la'asar sakaliya,
ƙuda a hanci, ba halin kora.
Ladansa girshi biyu.

Fata kuwa ba ta da wuya wurin mai buroshi:
a rage ƙasa, a ƙara ruwa,
baƙin hannu ya koma jan Bature.
Sai dai ƙaramin yatsan hagu,
wanda ƙofar jirgin ƙasa ta datse a Kosti,
ya warke a karkace.
Bagirke ba ya ƙarya da siffa. Abin da ya gani ya zana.

Ga shi nan a kan takobin Bimbashi.
Ga shi a gwiwar Yuzbashi.
Kai goma sha ɗaya, yatsa ɗaya.
Ruwan ma da aka dama su da shi,
a kafaɗarsa ya hawo daga Nilu.

Na taya. Fadlalla ya ce albarka,
"Wannan Turawa ke saye. Kakanninsu ne."
Na ce, "Haka ne, daga wuya zuwa sama."

Bai gane ba. Ya aika a kawo gahawa mai citta.
Kafin ta huce ya rufe akwatin,
ya zauna a kai.