Fijon Baba a Gyallesu

Wata tara ke nan tana gindin mangwaro,
tun ranar da aka kai Baba asibitin Shika
bai dawo da ƙafarsa ba.
Damina ta yi mata wanka ta wuce,
ciyawa ta zagaye tayoyi,
kaza ta yi ƙwai a inuwarta har ta ƙyanƙyashe.

Yau na murɗa makulli.
Ƙat.
Na sake. Ƙat, ƙat.
Sai shiru,
irin shirun gidan nan da 'yan gaisuwa suka watse.

Tanimu bakanike ya zo daga Tudun Wada,
sifana na leƙe daga aljihun baya.
Ya ɗaga murfin inji, ya yi tsaki.
"Batir ba ya son zaman banza.
Ko ba a taɓa shi ba, wutarsa na tsiyaya
kamar ruwa a tsagaggiyar randa.
Dubi kawunansa, sun yi fari sai ka ce kanwa."
Ya kankare, ya hure.

Ya sunsuni tanki, ya kau da fuska.
"Man ya tsufa. Ƙarfinsa ya bi iska,
saura danƙo ya shaƙe wa kabreta maƙogwaro."
Ya jawo waya biyu da ɓera ya yi wa aski,
ga sheƙarsa nan kusa da filogi,
shimfiɗe da gutsattsarin rasit
masu ɗauke da sa hannun Baba.

"Malam kullum bayan asuba sai ya ɗuma ta," in ji shi,
"ko da ba inda za shi."
Na sani.
Ƙugin nan ne ke tashinmu zuwa makaranta,
muna ƙunƙuni a ƙarƙashin mayafi.
Mun ɗauka son hayaniya ne.
Ashe gaisawa suke yi.

Aka aro batir, aka zuba sabon mai daga galan.
Ta yi nishi, ta ƙi.
Tanimu ya kira yaran da ke dawowa daga ƙwallo,
su shida, ƙafa duk jar ƙasa.
Burki ya kama, tsatsa ta riƙe tayar baya,
sai da suka yi kabbara sannan ta saki.
"Giya biyu! Taka kuloci!
In na ce saki, ka saki!"

Muka gangara, kwata na fallatsa.
Ta yi tari. Ta sake tari,
tarin tsoho mai neman magana,
sannan ta kama.
Baƙin hayaƙi ya cika lungu, yara na ihu.

Inna ta fito bakin zaure da ludayi a hannu.
Ba ni take kallo ba,
kujerar da nake kai take kallo.

Ƙafata da ƙyar take kai totur.
Tanimu ya ce in jawo kujerar gaba.
Na ce a bar ta yadda take.
Gobe da asuba zan fito in ɗuma ta.