Takalmin Hagu

Kakata ta yi kaɗi a Gangare,
mazari na juyi, yatsunta fari fat da alli.
Ni zaren na gada, ban gaji mazarin ba:
farar riga, safar hannu,
ɗaki mai warin sinadari a Naraguta.

Shekara uku ina jiƙa auduga.
Ƙyalle na farko ya manne wa nama.
Na biyu ya sha ruwa ya ruɓe.
Na bakwai, a bar maganar na bakwai.

Sai na sassauta saƙar,
na bar wa iska ƙofa tsakanin zare da zare,
na tsoma shi a ruwan bagaruwa,
na shafe shi da zumar da Nanret ta kawo daga Pankshin.

Malam Shekarau, tsohon mahaƙin kuza,
gyambon idon sawunsa ya girmi jikarsa.
Ya ce, "'Yar nan, na sha allura har na ƙoshi,
an sa toka, an sa man birki,
yau kuma tsumma?"
Na ce, "Tsumma ne, Baba, amma ya je makaranta."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sista Kachollom ta wanke, ta auna, ta rubuta.
Laraba: faɗin murfin gwangwanin madara.
Laraba ta sama: haka nan dai.
Na koma gida ban ci tuwo ba,
ruwa na dukan kwano har asuba.

Rana ta goma sha tara wari ya ɗauke,
ƙudaje suka zo suka rasa gidan.
Bakin ciwon ya yi jaja-jaja,
sabuwar fata tana rarrafe zuwa tsakiya
kamar ciyawar farkon damina
a gefen tsohon ramin Bukuru.

Ban ce na gano komai ba.
Mutum ɗaya ba hujja ba ne,
Farfesa zai ce a kawo ɗari.
Abin da na gani dai shi ne:
ashe jiki ne masaƙi,
ni rumfa kawai na kafa masa.

Jiya ya shigo da baƙar leda.
Na zaci dankali ne na godiya.
Takalmin hagu ne, shekara tara a ƙarƙashin gado,
yana ƙyalli kusa da ɗan'uwansa da ya tsufa shi kaɗai.
Ya ce, "Ba yau ba, na sani.
So nake dai ya fara ganin hanya."