Tsallen Allura

Mu shida ne a gidan nan na Rosario:
ni, da Osvaldo,
da samari huɗu manne a bangon kicin,
gashi har kafaɗa, jita a rataye,
ba su taɓa biyan ko peso ɗaya na haya ba.
Karnukan Tasha, sunansu ke nan.
Hayaƙin girki ya dafe hoton,
su dai ba su tsufa ba,
mu muka tsufa a gabansu.

Bakanike ne, bas-bas yake gyarawa,
baƙin mai bai taɓa barin ƙarƙashin farcensa ba.
Amma in zai taɓa faifan nan
sai ya wanke hannu sau biyu da sabulun wanki,
ya tallabo shi ta gefe
kamar mai karɓar jariri daga hannun ungozoma.

Ya sayar da babur don ya bi su Córdoba.
Ya kwana biyu a layin tikiti cikin sanyin Yuli,
da bargo, da ƙoƙon mate da ya huce tun magariba.
Ranar da mai gangarsu ya mutu
ko burodi bai iya haɗiyewa ba.
Na ce, "Ko kawunka Anselmo ba ka yi wa wannan kuka ba."
Ya ce, "Nélida, kawu ya taɓa kaɗa min wani abu?"

Griselda na da shekara uku
ta ja wa faifan cokali mai yatsu.
Gefe na biyu, waƙa ta uku,
daidai inda muryar ke hawa tudu,
allura ta daka tsalle
ta haɗiye kalma uku.
Na ce ya sayi sabo mana.
Ya ce sabo na kowa ne, wannan namu ne.
Haka muka riƙa rera ta da giɓinta,
ni da nake cewa hayaniya ce kawai,
ni ma bakina ya koyi tsallen.

Da kunne ya fara ƙi masa
sai ya ɗora tafi a kan sifika,
ya rufe ido,
kiɗan ya shiga ta ƙashi.

Tikiti biyu ya saya na wasan bankwana.
Saura mako biyar ya tafi,
ya bar su cikin littafin lissafin gareji.

Na je Buenos Aires ni kaɗai, rigarsa a jikina,
baƙar nan da wanki ya mayar toka-toka.
Filin ya cika ya batse,
jikoki a wuyan kakanni.
Cikin huɗun saura biyu,
ɗaya sanƙo, ɗaya kan kujera yake kiɗa,
yatsunsa dai ba su san an tsufa ba.

Sai ga waƙa ta uku.
Muryar ta kama hawa, da ƙyar, tana haki.
Na riƙe numfashi, na shirya tsalle.

Ba su yi ba.
Suka bi ta kai suka wuce,
da dubban bakuna a bayansu.
Kalma uku, shekara talatin da shida ban ji su ba:
*an ɗauke ruwa.*
Shi ke nan fa. Abin da cokali ya ci ke nan.
Na tsaya baki buɗe a tsakiyar ihu,
saura kaɗan in ce musu, "Kun yi kuskure!"

Motar dare ta sauke ni da asuba,
hazo kwance a kan Paraná.
Ban cire takalmi ba.
Na wanke hannu, na sake wankewa,
na juya gefe na biyu.
Allura ta zo wurin,
ta yi tsallenta.

Na ce, "Yawwa."