Tulu na Uku

A Aboabo na karɓo ɓawon rogo,
buhu biyu, wurin mata masu tuyar gari.
Suka tuntsire: "Sahura, akuya kika saya?"
Na ce a'a, inji zan shayar.

Na dafa, na tace, na raba tulun gilashi uku,
na barbaɗa yis, na yi bismilla.

Na farko na sakar masa iska har wuya.
Famfo na huci, kumfa na rawa,
yis ya ci zaƙi ya yi ɓul-ɓul,
ya cika tulu kamar Kejetiya ran jajibiri.
Da safe na auna.
Man da nake nema bai cika cokali ba.
Ashe wanda numfashi ya wadata,
kansa kawai yake ginawa.

Na biyu na toshe shi ruf.
Yini guda ya yi yana aiki a maƙure,
fatarsa ba ta yi ƙwari ba,
barasar da ya haifa ta juyo ta cinye shi.
Ya kwanta a gindin tulu kamar toka,
rabin zaƙin ko taɓawa bai yi ba.

Na uku ba dabarata ba ce.
Awa huɗu famfo na busa masa,
sai aka ɗauke wuta.
Ruwan Kumasi na dukan kwano,
na zauna a duhu ina lissafin asara,
na kulle ƙofa, na hau turoturo, na tafi.

Bayan kwana uku ƙamshi ya tare ni tun daga baranda.
Ya shaƙi abin da zai ƙarfafa jiki,
sannan ƙunci ya sa shi aiki.
Na maimaita awo sau uku, hannuna na ɓari.

Da dare na ba Kaka Zuwera labari.
Tana buga ƙullun masa da ludayi,
tana ɗagawa, tana saki, iska na shiga,
sannan ta kife faifai, ta ɗora dutse.

"Wai barasa kike dafawa a Tek?"
"Ba ta maƙogwaro ba ce, Kaka, ta tankin aboboya ce."

Ta goge hannu a zani.
"Shekara huɗu da kuɗin makaranta.
Da kin tambaye ni.
Miƙo min murfin can,
kuma kada ki leƙa shi sai asuba."