Ramuka Shida

Gidado ya aiko gem daga Fatakwal,
a kwali, naɗe da tsohon zane.
Hannuwa biyu, faifan ƙwallo ɗaya,
wayar wuta ma tana ciki.
Ta hoton ce ya manta,
ko ya sayar, Allah masani.

Na nufi Wunti da dubu uku a aljihun gaba.
A rumfar Ɗan'asabe wayoyi na reto
kamar hanji a rumfar mahauta.
Ya zaro wata baƙa mai bakin zinariya:
"HDMI ke nan, 'yar Dubai.
Za ka ga gumin ɗan wasa a goshi,
za ka ƙirga ciyawar fili ɗai-ɗai."
Na ce talabijin ɗinmu mai ƙusumbi ne,
ya girmi ƙanwata da shekara huɗu.
Ya yi dariya har ya dafe teburi,
ya tura yaronsa ƙarƙashin benci.

Aka kakkaɓo mini mai kai uku,
ruwan ɗorawa, fari da ja.
"Ɗorawa hoto, sauran biyun murya.
Dubi gindinta da kyau,
kowane gem da irin bakinsa.
Ɗauki mai kaurin fata,
siririyar kwana bakwai take yi."
Dubu biyu ya ce.
Mun rabu a dubu da ɗari biyar,
kowa na rantsuwa shi aka cuta.

A gida, Jahun, ni da Tasalla
muka juya talabijin ya fuskanci bango.
Inna daga tsakar gida:
"Ku bi shi a hankali,
ya riga ku zuwa gidan nan."

Ramuka shida na tarar, ba uku ba,
sahu biyu, duk launinsu ya koɗe,
tsatsa da yana sun mai da su dangi ɗaya.
Na soka a sama: shiru.
Na soka a ƙasa: zuuu, kamar zuma ta tashi.
Na sauya, sai ga ihun 'yan kallo
da usur, da mai sharhi yana ta zuba,
gilashi kuwa baƙi ƙirin.
Yaran unguwa sun cika ƙofa,
wani na cewa gem ɗin ne matacce,
wani na cewa ni ne.

Tasalla ta kunna fitilar waya,
ta leƙa ta ƙarƙashin hammatata,
ta goge wurin da bakin mayafi.
Filasta ce, irin ta ciwo,
an yanka ƙanana, an manna a kan ramuka.
Biro shuɗi. Ajami.
Hannun Baba,
tun zamanin kaset ɗin bidiyo.

Hoto.
Murya.
Murya.
A sahun ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe:
kar a taɓa.

Shekara tara rabon da ya gaya mini
inda zan sa wani abu.

Na sa ɗorawa inda ya ce.
Na sa fari, na sa ja.
Ihun da ya tashi a ɗakin
shi ya shaida mini fili ya fito kore shar.

Ban taso da wuri ba.
Ina durƙushe tsakanin bango da ƙusumbi,
ɗumin talabijin na dukan fuskata,
babban yatsana a kan filasta.
Kafin in zagayo,
Tasalla ta ɗauki hannuna na wasa
ta ci yaron maƙwabta biyu da nema.